Inda na kai da aikin kariyar Ténéré ɗina

Salam 'yan uwa masu koyon taɓa babur da hannunsu. Ƙarfen gefe ya hau, farantin ƙasan inji ma ya hau, saura kariyar lagireto da nake ta jinkiri a kai.

Ga wanda bai san mashin ɗin ba, Yamaha Ténéré 700 ne, inji 689cc, nauyinsa da mai ya ɗan haura kilo 200, to kun ga ranar da ya kwanta a burji ba roba kaɗai zai fasa ba. Shi ya sa na fara da ƙarfen gefe. Irin wanda na saya a kan notin da ke riƙe inji yake zama, don haka sai da na sa jak da ɗan katako a ƙarƙashi na tallafe injin, na gama ɓangare ɗaya kafin na kwance ɗayan. Don Allah ku riƙe wannan, kar ku ɗaure noti ko ɗaya tamau sai duk sun shiga raminsu, ku bar su sako-sako ƙarfen yana ɗan motsi, in ba haka ba na ƙarshen zai ƙi daidaita ka yi ta dannawa da ƙarfi har ka cinye zaren. Bayan nan ne ake bi da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin babur ya ce, ba ɗaurin "ya isa haka" ba. Na ɗiga Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa da kansa, a kowane noti. Ja kam a'a, sai an gasa shi da wuta yake kwancewa.

Farantin ƙasa bai ba ni wahala ba. Na dai duba bai taɓa bututun salansa ba, kuma wajen zubar da baƙin mai bai toshe ba.

Kariyar hannu ce ta ci min lokaci wallahi. Ƙarfen alminiyon yana ɗauruwa a bakin kan babur da kuma ciki, wajen ga wayoyi ga tiyon birki duk a cunkushe. Bayan ɗaurewa na juya kan har ƙarshe hagu da dama in ga ko yana bugun wani abu, na matsa birki da kulochi, sannan na murɗa totur na saki. Dole ya koma da kansa nan take, in ya tsaya to ƙarfen na goga robar hannun, a sassauta a ba shi 'yar tazara. Wannan ba abin wasa ba ne.

Lagireto kuwa ragar tana tare tsakuwa amma tana rage iska, ga zafinmu na Afrilu, shi ya sa nake neman mai manyan ramuka. Wanda ya sa a nasa ya gaya min ko fanka na yawan tashi a go-sulo. Ranar Asabar zan ɗan zaga in dawo in sake bin notocin da sifana.