Ba Kowace Bushewar Baki Ce Laifin Zafi Ba

A Sakkwato in mutum ya ce bakinsa na bushewa, babu mai ɗaga kai. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, in hunturu ya kama kuma busasshiyar iska ce ke tsattsaga leɓɓa. Amsar tana bakin kowa: "Sha ruwa." Aikin da nake yi a sashen kula da haƙora ya koya mini cewa akwai bakin da ko randa guda mai shi ya shanye ba zai jiƙe ba, domin ba ƙishirwa ke damunsa ba, miyau ne ya ƙafe.

Ƙaramin madubin da muke duba haƙora da shi ne ke fara gaya mini. A lafiyayyen baki sulɓi yake yi a jikin kumatu. In miyau ya yi ƙaranci sai ya manne, ka ja shi ya biyo da fatar. Ka ɗaga harshe, inda ya kamata ka tarar da miyau ya taru, sai ka ga wayam, ko ɗan kumfa mai yauƙi. Harshen kansa ja ne, a tsattsage.

Babba mai lafiya yakan fitar da rabin lita zuwa lita 1.5 na miyau a yini. Mafi yawansa daga wurare shida yake tsatsowa, uku a kowane gefe: gaban kunne inda hangum ke kumbura wa yara, ƙarƙashin muƙamuƙi, da ƙarƙashin harshe. Shi ke wanke ɓurɓushin abinci, shi ke kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke samarwa in sun ci sukari, shi ke mayar wa haƙori sinadarin kalsiyam da tsamin ya zaizaye. In ya janye, ruɓewa sai ta bi wuraren da ba ta saba bi ba. Takan kama wuyan haƙori daidai bakin dasashi ta kewaye shi, har haƙoran gaba na ƙasa, waɗanda a bisa al'ada su ne na ƙarshe wajen lalacewa saboda kullum cikin miyau suke kwana. In na ga kogo a nan, ban tsaya tambayar sau nawa ake goge baki ba. Magani nake tambaya.

Wani dattijo mai hawan jini, na ce masa, "Baba, waɗanne magunguna kuke sha?" Ya ce, "Ɗana, mi ya haɗa maganin jini da haƙori?" Ya kwance ledarsa a kan teburi. Ga ƙwayar da ke sa yawan fitsari, ga Piriton da yake saya da kansa in mura ta kama shi ko barci ya ƙi zuwa, ga amitriptyline da aka ba shi saboda zugin ƙafa. Duka ukun suna busar da baki, kuma kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Tun daga nan nake roƙon duk wani mai shekaru ya zo da ledar maganinsa gaba ɗaya, har wanda ya saya a kemis.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar da mutane ke yi wa kansu. Baki ya bushe, sai a jefa alewa a kumatu ana tsotsa daga safe har dare, ko a riƙa kurɓar shayi mai sukari, ko lemun kwalba mai sanyi. Gaskiya ne ana jin sauƙi, shi ya sa hana mutum yake da wuya. Amma sukari ne ake zuba wa haƙorin da ba shi da mai wanke shi. Na ga baiwar Allah da ke kwana da alewa a baki don kada harshenta ya manne da ganɗa, alhali lokacin barci ne miyau ya fi raguwa ko ga mai lafiya. Gefen da take ajiye alewar duk ya cinye. Ba ganganci ta yi ba, babu wanda ya taɓa yi mata bayani.

Akwai kuma waɗanda bakinsu ne ya fara tona ciwon sukari. In bushewar ta haɗu da yawan fitsari da ƙishirwa da farin abu mai manne wa harshe, gwajin jini nake turawa kafin komai. Masu kansar wuya ko ta kai da aka yi wa gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ƙwayoyin kansar, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nasu ya fi tsanani, domin gashin kan lalata wuraren da ke tsatso miyau, wani lokaci har abada. Su ya kamata a duba haƙoransu tun kafin a fara. Sigari da kwana baki buɗe saboda toshewar hanci su ma suna da nasu kason.

Shawarar da nake bayarwa ba ta da tsada. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, a ajiye kofi kusa da shimfiɗa. A maye gurbin alewa da cingam marar sukari, domin tauna ita ke motsa miyau. A goge baki da man goge haƙora mai fuloraid safe da dare, a tofar kawai, kada a kurkure. Mai azumi ya yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, da rana kuma ya riƙe aswakinsa. Maganin hawan jini kuwa kada kowa ya daina shi don bakinsa na bushewa. Ya koma wurin likitan da ya rubuta, ya gaya masa ƙarara, sau da yawa akwai wani da za a iya sauya masa, ko a gyara lokacin shan.