Godiya ga Mama, wadda ba ta hawa dandamali

A madadin ƙungiyar mawaƙanmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci taron waƙoƙinmu na shekara da aka yi ranar Asabar ɗin nan. Mun gode wa jama'ar da suka cika zauren, da mai kaɗa mana piyano, da malaminmu da ya yi ta haƙuri da mu har muryoyi huɗu suka haɗu suka tafi tare. Allah ya bar zumunci.

Sai dai akwai mutum guda da saboda ita na ɗauki alƙalami. Ta roƙe ni kada in kama sunanta, kuma ba zan saɓa mata ba. 'Yan ƙungiya sun san wadda muke kira Mama. Baƙinmu kuwa wataƙila sun gan ta ba su lura ba: ita ce dattijuwar da ke tsaye a bakin ƙofar baya rungume da fayil-fayil, lokacin da ake ta tafa mana.

Yawancinmu ba mu iya karanta waƙa a kan layuka biyar ɗin nan na mawaƙa ba. Akwai ɗalibai a cikinmu, da ma'aikata, da iyaye mata, da waɗanda suka yi ritaya, son waƙa ne kawai ya tara mu. Abin da muke ganewa shi ne solfa, wato do, re, mi, fa, so, la, ti, tsarin da wani malamin coci ɗan Ingila, John Curwen, ya yaɗa tun shekarun 1840 a kan aikin wata malamar kiɗa 'yar Ingila, Sarah Glover, domin talaka ma ya iya ɗaukar takarda ya rera. To duk waƙar da malaminmu ya kawo, Mama ce ke tafiya da ita gida ta juya mana ita zuwa solfa da hannunta. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka kwafa ce kawai. Sai ta fara gano inda "do" yake zaune, domin yana sauya mazauni daga waƙa zuwa waƙa, wani lokaci ma a tsakiyar waƙa ɗaya. Sannan ta bi sofurano da alto da teno da bas, kowacce murya daban, ta sa ɗigo da sanda inda bugu ya faɗa. Harafi ɗaya ya kauce, rukunin mutane guda sun koyi kuskure ke nan, kuma cire kuskuren da ya zauna a kunne ya fi koyar da sabuwar waƙa wuya.

Takardata tana gabana yanzu haka. A saman kowane layi akwai ɗan waƙafi da fensir inda ya kamata a ja numfashi. Inda 'yan teno suka saba shigowa da wuri ta zagaye wurin, ta rubuta "jira" da ƙananan baƙaƙe. Ba wanda ya sa ta. Zama take yi a kujerar ƙarshe lokacin gwaji tana saurare, duk inda ta ji mun yi tuntuɓe sai ta yi alama, mako mai zuwa mu tarar an gyara a takardar kowa.

Waɗanda ko solfa ba sa karantawa ma ba ta bar su a baya ba. Takan tsayar da mutum ɗaya daga kowacce murya bayan an tashi, ta ɗauki sautinsa a waya, ta tura wa kowane rukuni nasa ta WhatsApp, su riƙa ji suna bi. A ganina wannan ne babban aikinta. Na san mutanen da kunya ta kusa korarsu, suna ganin waƙar ƙungiya ta masu ilimin kiɗa ce. Ranar Asabar suna sahun gaba, bakinsu buɗe, ba sa satar kallon na kusa da su.

Sauran hidimar ba ta lissafuwa. Ita ke riga kowa zuwa ta buɗe tagogi ta share ƙura, domin ƙura da maƙogwaron mawaƙi ba sa shiri. Jera kujeru, ruwan sha, batirin makirfo, kiran wanda aka kwana biyu ba a gani ba a ji ko lafiya. Ita ce ma ta fara cewa sautin piyanon ya sauka. Wayoyin cikinsa sun haura 200, sauyin zafi da danshi kuma yana karkatar da sautinsu a hankali, mu da muke jin sa kullum kunnenmu ya saba. Ta dage sai da aka kira mai gyara kafin taro.

Ana saura kaɗan mu hau, wani dattijo cikin 'yan bas ya laluba aljihu bai ji tabaransa ba. Na ga yadda fuskarsa ta canza, har ya fara ja da baya yana cewa a yi ba shi. Mama ba ta ce uffan ba. Ta buɗe jakarta ta zaro takardun bas da ta riga ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta danƙa masa, ta gyara masa wuyan riga. Ashe tun tuni ta lura yana matso da takarda kusa da ido, ta yi tanadi ba ta gaya wa kowa ba. Ya hau, ya rera tun daga farko har ƙarshe.

Mama, na san wannan rubutu zai ba ki kunya, ki yi haƙuri, yabon gwani ya zama dole. Kullum kina cewa ai ba komai kika yi ba tunda ba ki da muryar waƙa. Mu da muka riƙe takardunki a hannu mun san abin da kika yi. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya da ƙarfin ido, ya albarkaci zuriyarki, ya ba ki masu yi miki hidima kamar yadda kike yi mana.

Ga 'yan ƙungiya kuma, mun yi magana da malam: daga gwaji mai zuwa, jera kujeru da shara sun koma wuyan matasa, rukuni-rukuni. Ana kuma neman mutum biyu da za su zauna da Mama su koyi juya waƙa zuwa solfa. Ta ce a shirye take ta koyar, mai so ya zo da fensir da magogi.