Abin da aikin yankar tikiti ya koya min kan Kano zuwa Guangzhou

Tunda na ajiye aikin nan ƙarshen watan jiya mutane ke ta tambaya wai me ya yi zafi, to ga shi.

Duk wanda ya zauna a ofishin tikiti a Kano ya san 'yan Kwari da 'yan Wambai tambayarsu ɗaya ce, awa nawa ne zuwa Chana? Daga Kano zuwa Guangzhou a miƙe kusan kilomita 11,000 ne, amma ai babu jirgin da ke miƙewa da kai, sai ka sauka Addis Ababa ko Alkahira. Ta Addis kusan kilomita 3,300 ne zangon farko, sannan wajen 8,000 zuwa Guangzhou, wannan na biyun kaɗai ya kai awa 10 a sama, ga agogonsu yana gaba da namu da awa 7, shi ya sa lokacin da ke jikin tikiti yake rikita mutane.

Oganmu ya san duk wannan sarai. Amma shi awannin sama kawai yake haɗawa ya faɗa wa kwastoma, zaman tiransit, wato jiran jirgi na gaba, kuma ya yi shiru. Lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watan Oktoba kujeru sun yi wuya, wani dattijo ya zo da fasfonsa a leda, mai ciwon suga ne, oga ya ce Alhaji kada ka damu kwana ɗaya kana can, ya sa na yanka masa mai araha wanda zai kusan yini ya kwana a filin jirgi yana jiran na gaba. Na ja oga gefe na ce ranka ya daɗe a faɗa masa, ya ce in yi aikin da aka ɗauke ni. Alhaji ya zuba maganinsa a babbar jaka aka auna ta wuce, ya zauna can ba magani ba mai jin Hausa.

Da ya dawo, a gabansa oga ya nuna ni da biro ya ce yaron nan ne bai yi maka bayani ba. Dattijon ya kalle ni ya ce ɗana me na yi maka? Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, kuma aka zaftare min albashi a kai.

Daga ranar ba na miƙa tikiti sai na rubuta wa mutum a takarda da Hausa: awa kaza a sama, awa kaza a zaune, magani da caja a jakar hannu. Masu Umara ma haka, duk da Jidda kusa ce, kilomita 3,400 da ɗan wani abu. Kai kuma mai irin wannan aiki, duk umarnin da oga ya ba ka, ka sa shi ya turo ta WhatsApp don ya zama shaida. Kwastomomin da nake rubuta wa takardar nan kuwa tun satin farko suka fara nemana a waya, ni ban kira kowa ba.