Dubu huɗun da na hana yaron Jauro a tsaunin Mambila

Har yau idan gari ya yi sanyi sai idon sawuna na hagu ya tuna mini da Mambila, can jihar Taraba. Kuma duk sanda ya tuna mini, kaina nake jin haushi, domin naira dubu huɗu kacal ce ta jawo komai.

A watan Disamba na taso daga Kano da jaka ɗaya da ɗan guzurin da na lissafa zai kai ni kwana goma. Jalingo, Bali, Serti, Mayo Selbe, sai hawan nan da ake kira Biyu da Sisi, inda duk mai surutu a mota ya yi tsit, ba ka jin komai sai salati. Na sauka a Nguroje. Niyyata in bi ƙauyuka da ƙafa har Njawai, daga can in hau dutsen Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a Najeriya. Shi wannan yana bakin iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti, na san ba a hawansa sai da izini da ɗan jagora, na kuma ware kuɗinsu daban. Tsakanin ƙauye da ƙauye ne na ce a raina ai wannan ƙafata ce kawai, ba wanda zai ci sisina.

Kwana biyun farko ba su da labari. Na bi ayarin masu dawowa daga kasuwa, na kwana a zauren masu gari, na ci tuwon masara da miyar kumbi, na cika ciki da fiya da ayaba a kuɗin da a Kano ko ruwan roba biyu ba zai saya maka ba. Fulatanci ne harshen kasuwa a can, amma Hausa ba ta bar ni a hanya ba. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne duk garin da na shiga sai na fara zuwa gaida Jauro, wato mai garin, in ajiye ɗan sukari da sabulu, in faɗi daga inda nake da inda na nufa. Tun rikicin 2017 tsakanin manoma da makiyaya, baƙon da aka gani da jaka yana ratsa gonaki ba wanda ya san da zuwansa, dole a sa masa ido. Kada ka tsallake wannan gaisuwar.

Rana ta uku ce. Da safe Jauro ya kira wani ɗansa, saurayi da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya ce ya raka ni gari na gaba. Muka fito waje, yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, dubu huɗu za ka ba ni, don sai gobe zan dawo.” Na ɗaga kai, ga garin can a tsallake, kwanon rufin gidajensa yana ƙyalli, har itatuwan zaitin da suka kewaye shi ina iya ƙirgawa. Na duba taswirar da na sauke a waya, tazarar ba ta kai daga Kurna zuwa Sabon Gari ba. Na ce masa ya bari kawai, na gode. Ya ce, “Malam, hanyar ba ta nan take ba.” Na nuna masa wayar. Ya yi murmushi ya koma gida.

Ni Bakano, wanda tun yana yaro yake jin ana cewa ganin Dala ba shiga birni ba!

Wanda bai je ba zai ɗauka Mambila dutse ne. A'a, tuddai ne masu santsin baya, ciyawa ta lulluɓe su, ɗaya bayan ɗaya, a kan tudun da shi kansa ya kai mita 1,600 daga teku. Abin da ido ba ya nuna maka daga sama shi ne kowane tudu biyu akwai kwari a tsakaninsu, kuma kusan kowane kwari akwai ruwa a gindinsa. Da yake ƙudan tsando bai cika zama a wannan sanyi ba, shanu sun yi yawa, su kuma sun tsaga ɗaruruwan 'yan hanyoyi a jikin tuddan, kowacce kamar ta mutane. Na bi wadda ta miƙe sosai wajen garin. Ta kai ni ga shingen waya mai ƙaya. Na zagaya, na bi wata, ta kai ni mashaya ta ƙare. Da azahar na haye kwari biyu, garin ya ɓace mini gaba ɗaya, gwiwoyina suna rawa.

A kwari na uku abin ya faru. Gindinsa kore shar, ciyawa lif kamar darduma, alhali ko'ina ta fara bushewa. Da ina da hankalin ɗan wurin, wannan koren kaɗai ya isa ya gaya mini fadama ce. Taku na biyu ƙafata ta dama ta nutse har gwiwa. Na yi wuf zan dogara da ta hagu, ta sauka a kan wani curin ciyawa ta gurɗe, na ji ƙas. Da na zaro ta daman, safa ce kawai ta fito. Na kwanta rubda ciki na zura hannu har kafaɗa cikin taɓo mai sanyin ƙanƙara ina lalube, da ƙyar na kamo igiyar takalmin. Ina zaune a bakin fadamar ina matse safa, dubu huɗun nan ta faɗo mini a rai, kuma ba ta sake fita ba.

Wayar da na nuna wa yaron ta mutu kafin la'asar, neman sabis ya shanye cajinta. Sanyin Mambila kuwa ba ya jiran dare. Rana na karkata iska ta taso, ga wando jiƙe, haƙorana suka fara haɗuwa. Na samu karyayyen reshe na dogara, na daina neman garin, na koma neman hayaƙi. Gab da magariba na ji haushin kare da kukan maraƙi, na bi da jan ƙafa har wata ruga.

Dattijon da ya fito bai tambaye ni komai ba sai da ya zaunar da ni gaban wuta, aka kawo madara mai zafi da bargo. Sannan ya kama ƙafar, ya shafa man shanu, ya ce in kalli can, ya ja. Ihun da na yi har yaransa suka tuntsire da dariya. Targaɗe ne, in ji shi, ba karaya ba. Da na ba shi labari da 'yar Hausar da muke haɗawa, sai ya ce, “Yaro, wa ya rako ka?” Na ce, “Baffa, ba kowa.” Ya daɗe yana kallona, bai ƙara cewa uffan ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da safe ya fito da ni bayan gida ya nuna mini hanyar da sanda. Tana bin ƙoƙuwar tudu ne, ta fara juya wa garin baya kamar za ta wani wuri, sannan ta lanƙwaso ta shiga ta gabas, ba ta taɓa gindin kwari ko sau ɗaya ba. Mata da kaya a ka suna yin ta kafin hantsi ya dushe. Abin da yaron yake nufi ke nan, abin da kuma taswira ba ta sani ba. Don haka idan ka je, hanyar da ta miƙe wa gari tsaye ka yi zarginta. In ba za ka ɗauki ɗan rakiya ba, jira ranar kasuwa ka bi mutane. In kuwa mai gari da kansa ya ba ka yaro, ka yi ciniki in ka ga dama, amma kada ka bar shi a baya.

Baffa ya ƙi karɓar ko kwabo, sai ragowar sukarin da na tilasta masa. Ɗan acaɓan da aka nemo mini shi bai san wannan kara ba: dubu goma sha biyar zuwa Nguroje, ba ragi, ya ga ƙafar. Ga kuɗin kemis, ga kwana uku a masauki ina kwance ina kallon silin. Kuɗin da na ware wa Chappal Waddi a nan suka narke, ko gindinsa ban gani ba.

Kuma hanyar babur ɗin ta garin Jauro ta bi. Yaron yana zaune a kan dakali yana gyaran rediyo. Ya ga ƙafata ɗaure da tsumma, ya taso da ladabinsa ya durƙusa ya ce, “Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ya wayar?”