Litinin, 5 ga Mayu, 2025: shekara 15 da rasuwar Malam Umaru

A rediyo na ji, bayan na dawo daga sallar asuba. Mai gabatar da shiri ya ce yau shekara 15 cif da rasuwar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Uwargida tana dama koko, ta tsayar da ludayi ta ce, "Allahu Akbar, har an yi haka?" Muka yi masa addu'a, na kurɓi kokon a tsaye saboda ina da aji na farko.

A bas ɗin da na shiga daga Tudun Wada ma zancen ke nan. Wani dattijo da ke gaba, kusa da direba, shi ya ɗauko shi, nan da nan mota ta ɗauka. Kowa abu ɗaya yake faɗi: litar mai naira 65. Direba ya ce a zamanin Umaru da dubu uku yake shan man da zai wuni yana jigila, yau kuwa lita ɗaya ta haura naira ɗari takwas. Wata mata da ta rungume kwandon tumatir a cinya ta ce ita dai ba ta san wani shugaba da ya taɓa rage kuɗin mai ba sai shi. Ban sa baki ba, amma na san yadda abin ya faru. Obasanjo ne ya ɗaga lita daga 65 zuwa 75 ana saura kwanaki ya sauka. 'Yan ƙwadago suka tafi yajin aiki a watan Yunin 2007, sabuwar gwamnati ta dawo da ita 70, ta kuma janye ƙarin harajin kaya da aka ninka daga kashi 5 zuwa 10. Sai a farkon 2009 aka koma 65, lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya. Talaka bai yi ƙarya ba, ya ji sauƙi a aljihunsa. Ni dai ba don wannan nake tuna mutumin ba.

Ban zaɓe shi ba. Buhari na jefa wa ƙuri'a a ranar 21 ga Afrilun 2007, kamar yawancin mutanen layinmu, kuma har gobe ina cewa zaɓen nan bai yi kyau ba. Tun kafin ranar an ga alama. Tazarce ta mutu a majalisar dattawa a 2006, sai Obasanjo ya ɗauko gwamnan Katsina, mutumin da ba a ma ji yana neman kujerar ba, ya tsayar da shi a watan Disamba, ya kuma fito fili ya ce zaɓen na ko a mutu ko a yi rai ne. Kotun ƙoli ba ta ce a saka sunan Atiku ba sai ranar 16 ga Afrilu, saura kwana biyar. Aka sake buga takardun ƙuri'a a gurguje a Afirka ta Kudu, suka iso babu lambobin da ake bin sawunsu da su. A rumfarmu mun sha rana sosai kafin kaya su zo, tsofaffi suna zaune a gindin katanga sun ɗora katinsu a ka. Da aka faɗi sakamako aka ce Umaru ya samu sama da miliyan 24, Buhari miliyan 6 da ɗoriya, Atiku bai kai miliyan 3 ba. Masu sa ido na Tarayyar Turai suka ce zaɓen bai cika ko mafi ƙarancin sharuɗɗa ba. Daren nan ko tuwo ban iya ci ba.

A ofishin malamai, lokacin tara, gardama ta kaure. Malamin lissafi, wanda yana firamare aka yi zaɓen, ya ce Najeriya ba ta taɓa yin shugaba kamar Umaru ba, da ya yi tsawon rai da yanzu mun wuce wurin. Malamar Turanci ta ajiye jan bironta ta ce, "Malam, wanda ya shigo ta taga ba a yaba masa don ya share ɗaki." Duka suka juyo suna kallona, da yake ni ne babba a cikinsu.

Na ce musu abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar 29 ga Mayu a dandalin Eagle. A shagon wani mai gyaran talabijin na kalli rantsuwar, raina a ɓace, na je ne kawai in ga ƙarshen abin. Sai ga mutumin nan siriri, da muryarsa a hankali, Obasanjo na zaune a wurin, ya ce ya amince zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, kuma zai kafa kwamitin da zai duba yadda za a gyara. Shagon ya yi tsit. Mun saba wanda ya ci ya ce Allah ne ya ba shi, wanda bai yarda ba ya tafi kotu. Ba mu taɓa jin mai mulki ya taɓa tushen kujerarsa da bakinsa ba.

Kuma bai tsaya a baki ba. Cikin wata guda ya bayyana wa duniya kadarorinsa, kimanin naira miliyan 856, abin da doka ba ta tilasta masa ya yi a bainar jama'a ba. A watan Agusta ya kafa kwamitin mutum 22 ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, tsohon Alƙalin Alƙalai. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne yadda ya bar kotu ta yi aikinta ko da jam'iyyarsa za ta yi asara. Kotun ƙoli ta ce wa'adin Peter Obi bai ƙare ba a Anambara, ɗan PDP da bai yi wata guda a kujera ba ya tattara ya fita. Oshiomhole ya karɓi Edo a 2008, Mimiko ya karɓi Ondo a 2009, duk daga hannun PDP. Kuɗin ƙananan hukumomin Legas da aka riƙe shekaru ya sa aka sake su. Shi kansa da ƙyar ya tsira: a Disambar 2008 alƙalai huɗu na kotun ƙoli suka tabbatar da zaɓensa, uku suka ce a soke, cikinsu har da Mai Shari'a Aloma Mukhtar. Ba a ji an tsangwami ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Malamar Turanci ta ce, "To, rahoton Uwais ɗin fa, ina yake?" Nan ta taɓa mini inda ke ciwo. Kwamitin ya miƙa rahoto a Disambar 2008, kuma shawarar da ta fi kowace nauyi ita ce a cire wa shugaban ƙasa ikon zaɓo shugaban hukumar zaɓe shi kaɗai, majalisar kula da harkokin shari'a ta riƙa tantancewa. Ya kuma ce a kafa hukumar hukunta masu maguɗi, a kuma gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. Gwamnatin Umaru da kanta ta ƙi amincewa da batun naɗin a 2009. Wannan ba zan ɓoye shi don ina ƙaunar mutumin ba. Ya fara abin da ba wanda ya fara, da aka zo kan ikonsa na kansa sai ya tsaya. An dai tsinci wasu abubuwa daga baya: an ƙayyade wa kotunan zaɓe kwana 180, an ba hukumar zaɓe kuɗinta kai tsaye, kuma Farfesa Attahiru Jega da aka ba shugabancinta a 2010 ɗan wannan kwamitin ne. Amma har yau shugaban ƙasa ke naɗa wanda zai ƙirga ƙuri'arsa, hukumar hukunta masu maguɗi ba ta samu ba, kuma a 2023 ma sai da aka yi wata biyar da rantsuwa kafin kotun ƙoli ta yanke hukunci. Ƙararrawa ce ta raba mu, ba don mun gama ba.

Da na shiga aji biyar na Kemistiri, ina jera kwalaben gwaji a kan tebur, na tambaye su ko sun san shugaban ƙasar da ya taɓa koyar da wannan darasi. Ba wanda ya sani. Yawancinsu yana kan mulki aka haife su. Na gaya musu a Jami'ar Ahmadu Bello ya karanta ilimin koyarwa da Kemistiri, ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya, kuma shi ne shugaban Najeriya mai cikakken iko na farko da aka zaɓa mai digirin jami'a. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi ma da alli yake rubutu?" Na ce da alli. Ta rubuta sunansa a bangon littafinta, muka ci gaba da darasi.

Bayan la'asar na wuce Kakuri gaida Kawu, ƙafarsa ta sake kumbura. Na same shi a zaure a kan buzu, ƙafar a kan matashi, rediyo a kusa da kunne. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ɗan PRP tun zamanin Malam Aminu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, kun ji yau ake tuna Umaru?"

Ya ce, "Na ji. Ai namu ne, ɗan nan. Ubansa Matawalle yana cikin manyan NPN, shi kuwa ya biyo talakawa PRP. Lokacin Katsina da Kaduna jiha ɗaya ce, tare muka ga yadda aka tsige Balarabe a 1981." Ya yi shiru, ya gyara ƙafar. "Amma in za ka rubuta, ka rubuta duka."

Na san abin da yake nufi. Watan Yulin 2009, aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da shari'a ba, a mulkin mutumin da kullum yake maganar bin doka, kuma kowa ya ga wutar da ta biyo baya. A shekarar ne kuma ya yi wa tsagerun Neja Dalta afuwa, suka ajiye makamai, mai ya ci gaba da fita. Sai tafiyarsa Jidda ranar 23 ga Nuwamba, ba a miƙa wa mataimakinsa ragama ba, ƙasa ta zauna wata biyu da rabi ba a san mai riƙe da ita ba, har majalisa ta ɗora Jonathan riƙo ranar 9 ga Fabrairun 2010. Aka dawo da shi cikin dare, jama'a ba su sake ganinsa ba sai gawarsa, da aka kai maƙabartar Ɗanmarna a Katsina. Shekararsa 58. Kawu ya ce laifin na waɗanda suka kewaye shi ne. Ni kuma na ce tun ranar da Obasanjo ya kira shi a waya a filin kamfe, yana asibiti a Jamus, yana tambayarsa ko ya mutu, an san ba shi da ƙoshin lafiya, aka ɗora masa kayan duk da haka.

Mu a Kaduna rasuwar ta shigo mana har cikin gida. Gwamnanmu Namadi Sambo ya tafi Abuja mataimakin shugaban ƙasa, Patrick Yakowa ya hau kujera, maganar karɓa-karɓa ta dagule, sai ga zaɓen 2011. An ƙirga sama da mutum 800 da suka mutu a rikicin bayan zaɓen a jihohin Arewa cikin kwana uku, mafi yawansu a jiharmu, Musulmi da Kirista. Kawu ya rasa abokin aikinsa na masaƙa a Zonkwa. Ya faɗi sunansa sau biyu, ya share ido da bakin rawani. Mutanen da suka fito titi a shekarar ba su yarda ana ƙirga ƙuri'arsu ba, kuma 2007 na cikin abin da ya koya musu haka. Shi ya sa maganar rahoton Uwais take ci mini rai fiye da maganar naira 65.

Hadari ya haɗu ta gabas, Gwaggo ta leƙo ta ce in tashi kada ruwa ya tare ni a gada. Ta ƙulla mini daddawa a leda in kai wa uwargida. Na iso gida ana kiran magariba, an ɗauke wuta, da fitilar waya nake wannan rubutu. Na yi wa malamar Turanci alkawarin zan nemo mata rahoton ta karanta da idonta. Ranar Laraba ba ni da aji bayan sha biyu, zan leƙa ɗakin karatu na Arewa House in tambaya.