Lallen da ke bakin rijiyarmu

Shekara shida ke nan da na dasa lalle a bakin rijiyar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, kuma ko da yake mutanenmu ganyensa suke nema domin ƙunshi, ni furensa ne ya sa na ɗauki wahalarsa. Fure ne ƙanana farare masu fitowa a dunƙule a kan bakin reshe, waɗanda ba sa ɗaukar ido daga nesa, amma idan magariba ta yi iska ta kaɗa, ƙamshinsu yakan kai har zaure.

Ban shuka iri ba, domin ƙwayar lalle tana da taurin baya, sai an jiƙa ta kwanaki kafin ta tsira. Reshe na yanko daga shingen goggona, kowanne kaurinsa kamar yatsa, tsawonsa kamar taƙi ɗaya da rabi, na kafa guda goma a watan Yuli bayan damina ta zauna. Huɗu ne suka kama. Gara ta cinye uku, sauran kuwa ni na kashe su da hannuna, domin na kafa su a kwarin da ruwan wanke-wanke yake taruwa, saiwar ta ruɓe. Da goggo ta zo ta gani, cewa ta yi, "Ɗan nan, lalle ba shinkafa ba ne, jigawa yake so." Gaskiyarta, domin shuka ce mai son rana da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta.

Shekarar farko ita ce mai wuya. Na zagaye su da darni na karan dawa saboda awaki, ina ba su ruwa sau biyu a mako har bazara ta wuce, sannan na zuba musu takin awaki wanda ya riga ya ruɓe. Daga shekara ta biyu saiwarsu ta yi zurfi, guga ɗaya a mako ya ishe su. Idan hunturu ya tsananta a Disamba da Janairu sukan zubar da ganye, har wanda bai sani ba ya ɗauka sun mutu ya tumɓuke su, alhali kuwa da zafi ya dawo za su sake toho.

Inda muka daɗe muna ja-in-ja da matan gida shi ne wajen yanka. Su suna son a sassabe rassan tun suna ɗanye, a shanya a inuwa, a kakkaɓe ganyen a daka, musamman idan biki ya matso. Furen kuwa a kan sabon reshe yake fitowa, saboda haka duk wanda aka yanke da wuri ya tafi da furensa. Amma barin lalle ba yanka ma ba dabara ba ce, domin idan ya tsufa yakan yi tsawo ya wuce mutum, ƙananan rassansa su zama ƙaya, ganyen ya ragu.

Daga ƙarshe mun raba: biyu na wajen turmi nasu ne, su yanka lokacin da suka ga dama, biyu na jikin katanga nawa ne, ba a sa musu wuƙa sai furen ya kaɗe, 'ya'yan sun bushe sun yi ruwan ƙasa. A bana ma na ga alamar wuƙa a jikin ɗaya daga cikin nawa, mako guda kafin bikin ƙanwata.