Cox and Box: ɗaki ɗaya, 'yan haya biyu

Cox and Box wasan kwaikwayo ne na waƙa da kiɗa. Asalinsa wasan barkwanci ne na John Maddison Morton, Box and Cox, da aka fara nunawa a Landan a 1847. A wasan, wata mai gida ta ba mutum biyu, Cox da Box, hayar ɗaki guda: mai ɗinkin hula yana aikin rana, ma'aikacin ɗab'i yana aikin dare, ba wanda ya san da wani. A 1866 F. C. Burnand ya rubuta waƙoƙi, Arthur Sullivan ya sa kiɗa, aka mayar da mai gidan ta zama namiji mai suna Saje Bouncer, saboda maza zalla za su yi wasan. Da fari fiyano kaɗai ke rakiya. Sai a 1867 Sullivan ya tsara wa cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. A 1921 kamfanin wasannin waƙa na D'Oyly Carte ya datse shi zuwa kamar rabin awa, don ya zama ɗan share fage kafin babban wasa.